Daga Tukunyar Dalma Zuwa Gwaiduwar Duniya: Abin da Narkakken Ƙarfe Ke Haɗiyewa

A daminar shekarar 2022, ana saura kwana uku sunan ɗan ƙanena, aka aike ni in karɓo wata babbar tukunya da iyalina suka ba da zubinta wurin wani dattijo, a wani lungu da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Irin tukwanen nan ne da ake zubawa daga tarkacen alminiyum, waɗanda jama'a ke kira tukwanen dalma, ko da yake babu dalma a cikinsu. Tukunya ta fito sumul, ba tabo ba tsaga. Amma da aka cika ta da ruwa aka ɗora bisa murhu, sai gindinta ya shiga tsattsafo kamar sabuwar randa. Washegari na mayar masa da ita. Dattijon ya kankare gindin da wuƙa, ya ɗaga ta sama wajen hasken rana, ya nuna mini waɗansu ƙananan ramuka kamar an bi su da tsinin allura.

Ya ce, "Malam, sai haƙuri, sharrin damina ne. Gawayi da danshi, ƙasar zubi da danshi, tarkacen ma da danshi. Ƙarfe idan yana ruwa iska yake sha, idan ya zo daskarewa kuma sai ya amayar da ita."

Na ce, "Baba, ƙarfe ne ke shan iska?"

Ya ce, "Fiye da kai ma."

Ni fannina ilimin halittu masu rai ne, saboda haka shan iska a wurina aikin huhu ne da ganye da kunnen kifi. Na ɗauki maganarsa a matsayin uzurin mai sana'a. Sai da na koma na bincika na tarar cewa gaskiyarsa ce tun daga farko har ƙarshe. Bugu da ƙari, wannan al'amari da ya ɓata mana tukunya shi ne masana ilimin ƙasa suka shafe shekaru fiye da 70 suna fama da shi game da cikin duniyar da muke takawa.

Narkewa iri biyu

Kafin mu yi nisa, akwai wani tarko da harshenmu ya ɗana mana. Mukan ce man shanu ya narke a rana, mukan kuma ce sukari ya narke a shayi, alhali abubuwa biyu ne mabambanta. Man shanu zafi ne ya mayar da shi ruwa, shi kaɗai, ba tare da ya shiga cikin wani abu ba. Shi kuwa sukari rarrabuwa ya yi zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya bazu a cikin ruwan shayi. A wannan maƙala, na farkon za mu ci gaba da kiransa narkewa, na biyun kuwa mu kira shi sajewa.

To, a maƙerar dattijon nan an yi duka biyun. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Idan tururin ruwa ya taɓa narkakken alminiyum, sai ƙarfen ya fizge iskar oksijin da ke cikin ruwan, ya saki haidurojin. Ita haidurojin a sarari tagwaye take tafiya, watau ƙwayoyin zarra biyu manne da juna, amma a bakin ƙarfe sai su rabu, kowace ta kutsa ita kaɗai, ta sami rata tsakanin ƙwayoyin ƙarfe ta zauna, kamar yadda gero ke samun wurin zama idan an zuba shi cikin mudun da ya riga ya cika da goro. Giram 100 na narkakken alminiyum yana iya riƙe haidurojin kusan ninki 20 na abin da daskararre zai riƙe. Saboda haka da zarar an zuba shi cikin ƙasar zubi ya fara huce, sai baƙuwar ta rasa masauki, ta taru ta zama kumfa. Kumfar da ba ta sami fita ba ita ce ramukan da na gani. Dalilin ke nan kuma da ya sa mai walda da ya san aikinsa ba ya barin sandunan walda su kwana cikin raɓa.

Wani masanin sinadarai Bajamushe, Adolf Sieverts, ya auna wannan a shekarar 1929. Ya gano cewa idan an ninka matsin iskar sau huɗu, abin da ke sajewa cikin ƙarfe yana ninkuwa sau biyu. Idan an ninka sau tara, ya ninku sau uku. Mai karatu ya riƙe wannan: matsi yana tura iska cikin ƙarfe. A nan zan ɗan yi ratse na fannina. A ruwan tafki, zafi korar iska yake yi, shi ya sa karfasa ke tasowa sama tana haki a lokacin bazara. A narkakken ƙarfe kuwa akasin haka ne, ƙarin zafi ƙarin haidurojin. Ɗalibin da ya ɗauki dokar tafki ya kai ta maƙera zai faɗi jarrabawa.

Kakanninmu ma sun san wani ɓangare na wannan ilimi da hannunsu. An gano ragowar tanderun ƙona tama a dutsen Dala wanda aka kimanta shekarunsa zuwa ƙarni na 7 Miladiyya. A cikin irin wannan tanderu, gawayi ba wuta kawai yake bayarwa ba. Sinadarin kabon da ke cikinsa yana shiga jikin baƙin ƙarfe, kuma shi ne ke bambanta ƙarfen da zai yi kaifin wuƙa da wanda zai lanƙwashe. Tsantsar baƙin ƙarfe sai a digiri 1,538 yake narkewa, amma idan kabon ya kai kashi 4.3 cikin 100 sai ya narke a digiri 1,147. Farar wuta, wadda ake kira sulfa a ajin kimiyya, ta fi haka ɓarna: haɗinta da ƙarfe yana iya zama ruwa tun a digiri 988, shi ya sa ƙarfen da ta yi wa yawa yake tsagewa a kan uwar maƙera tun yana ja.

Yadda aka san abin da ba a gani ba

Yanzu sai mu bar maƙera mu nufi ƙasa. Duniya kamar ƙwai take. Akwai ɓawo, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi bai cika wuce nisan Kano zuwa Wudil ba. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar duwatsu masu zafi, a madadin farin ƙwai. Sa'an nan, a zurfin kilomita 2,890, watau kusan tafiyar Kano zuwa Legas sau uku, sai gwaiduwa. Daga nan zuwa cibiyar duniya, a zurfin kilomita 6,371, ƙarfe ne.

Babu wanda ya taɓa zuwa can. Rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa a Tarauni mita gomomi ne kawai. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola a ƙasar Rasha, wanda ya tsaya a mita 12,262 a shekarar 1989, bai ko huda ɓawo ba. To, ta yaya aka sani? Ta hanyar da mai sayen kankana a kasuwar 'Yan Lemo yake bi: ya ƙwanƙwasa ya saurara. Mai ƙwanƙwasa duniya ita ce girgizar ƙasa. Duk lokacin da ta auku takan aika da igiyoyi iri biyu su ratsa cikin duniya. Ta farko igiyar turi ce, tana ratsa daskararre da ruwa. Ta biyu igiyar kaɗawa ce, ita kuwa ba ta iya ratsa ruwa, domin ruwa ba shi da taurin da zai kaɗu. A 1906 Richard Oldham na Ingila ya lura cewa igiyoyin da suka bi ta tsakiyar duniya suna makara, ya ce lalle akwai wani abu dabam a can. Beno Gutenberg ya auna zurfinsa a 1914. A 1926 Harold Jeffreys ya tabbatar da cewa ruwa ne. Bayan shekara goma, a 1936, wata mace 'yar ƙasar Danmak, Inge Lehmann, ta gano cewa a tsakiyar wannan ruwa akwai wata gwaiduwar ta biyu, wadda daga baya aka tabbatar daskararriya ce. Wannan gwaiduwar ciki tana farawa daga zurfin kilomita 5,150.

Dalilin da ya sa aka ce ƙarfe ne kuwa, nauyi ne. Tun 1798 Henry Cavendish ya yi awon da ya nuna cewa mudu ɗaya na duniya, idan an gauraya ta duka, ya fi mudun ruwa nauyi sau biyar da rabi. Duwatsun da muke gani ba su wuce sau uku ba. Tilas ke nan akwai abu mai nauyin gaske a ciki, kuma a cikin sinadarai masu nauyi babu wanda ya kai baƙin ƙarfe yawa a sararin samaniya.

Mudun da bai cika nauyi ba

A 1952 Francis Birch na Jami'ar Harvard a Amurka ya kwatanta nauyin da igiyoyin girgizar ƙasa suka nuna da nauyin da tsantsar ƙarfe ya kamata ya yi a irin wannan matsi. Lissafi ya ƙi daidaita. Gwaiduwar waje, wadda take ruwa, ta gaza da kimanin kashi 10 cikin 100. Awon baya-bayan nan ya ɗan rage wannan adadi, ya kuma nuna cewa gwaiduwar ciki ma ta gaza, amma da ƙasa da haka, kimanin kashi 3 zuwa 5. Duk matar da ta taɓa ɗaga mudun gero ta ji bai kai nauyi ba ta san abin da hakan ke nufi: an yi gauraye. Sinadarin nikel da ke can, kimanin kashi 5 cikin 100, ba zai zama dalili ba, domin ya ma ɗan fi ƙarfe nauyi. Dole abin da aka gauraya ya kasance marar nauyi, mai yawa a lokacin da duniya ke haɗuwa, kuma mai iya sajewa da narkakken ƙarfe. Sinadarai biyar ne suka cika waɗannan sharuɗɗa: farar wuta, silikon, oksijin, kabon da haidurojin.

Yadda suka shiga shi ne kamar haka. Shekaru kimanin miliyan 4,500 da suka wuce, duniya tana haɗuwa ne daga karon manyan duwatsu, kuma zafin karon ya narkar da samanta ya zama tekun narkakken dutse mai zurfin ɗaruruwan kilomitoci. Ƙarfen da ke ciki ya taru ɗigo-ɗigo, ya riƙa nutsewa saboda nauyinsa. Haka ake gani a manyan tanderun masana'antar ƙarfe na zamani: ƙarfe ya kwanta a ƙasa, kashin maƙera ya taso sama. Idan mai karatu ya so, yana iya cewa mu duka a kan kashin maƙera muke gina gidajenmu. Kowane ɗigo kuwa, a kan hanyarsa ta sauka, yana haɗiyar abin da ya iya daga narkakken dutsen da yake ratsawa.

Abin da ya iya haɗiya ya danganta da matsi da zafi, kuma a nan ne hankalin maƙera yake daina aiki. A tanderu, a digiri 1,600, oksijin da ke sajewa da baƙin ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kashi 1 cikin 100 ba. Sauran sai ya haɗu da silikon su tafi cikin kashin maƙera. Amma a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau dubu 400 zuwa 600, da zafin da ya haura digiri 3,000, silikon da oksijin suna barin dutse su shiga ƙarfe da yawa. Tayar mota, don kwatance, ninki biyu kacal mai faci yake ɗura mata. A saman gwaiduwa matsin ya kai ninki miliyan 1.3, a cibiya kuma miliyan 3.6.

Masana suna samar da irin wannan matsi a ɗakin gwaji da wata 'yar na'ura da za ta zauna a tafin hannu, wadda aka ƙirƙira a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Daiman biyu ne masu tsini suke fuskantar juna. Ana sa ɗan ƙarfe da bai kai kaurin gashin kai ba a tsakaninsu, a matse, a haska masa hasken leza har ya narke, sa'an nan a duba abin da ya shiga cikinsa.

Daga cikin biyar ɗin nan, farar wuta tana son ƙarfe ƙwarai, amma tana saurin tashi da zafi, don haka duniya ba ta tara ta da yawa ba. Ana kimanta ta da kusan kashi 2 cikin 100 na gwaiduwa. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce haidurojin, mai ɓata tukunya. A 1997 Takuo Okuchi na Japan ya nuna cewa idan akwai ruwa a narkakken dutse ƙarƙashin matsi, mafi yawan haidurojinsa ƙarfe yake bi. A 2021 Shoh Tagawa da Kei Hirose da abokan aikinsu a Tokiyo suka maimaita gwajin a matsin da ya yi daidai da na wancan tekun dutse, suka kimanta cewa haidurojin ta kai kashi 0.3 zuwa 0.6 cikin 100 na nauyin gwaiduwa. Adadin kamar ba komai ba ne. Amma ƙwayar ƙarfe ɗaya ta fi ta haidurojin nauyi sau 56, saboda haka rabin kashi ɗaya yana nufin kusan kowane ƙwayoyin ƙarfe huɗu akwai haidurojin ɗaya a tsakaninsu. Gwaiduwa kuma sulusin nauyin duniya ce. Idan an lissafa, haidurojin da ke can za ta ninka ta dukan tekunan duniya sau 30 zuwa 70. Wannan kimantawa ce, ba awo ba, kuma akwai masanan da suka fi karkata ga silikon da oksijin. Amma idan ta tabbata, to, mafi yawan ruwan da duniya ta samu tun farko ƙarfe ne ya shanye shi, abin da ya rage a sama shi ne daidai wanda ya cika teku ya bar mana tudu.

Amai mai amfani

Dattijon ya ce ƙarfe yana amayar da abin da ya sha idan ya zo daskarewa. Gwaiduwa ma haka take yi. Duniya tana hucewa sannu a hankali, kuma da yake matsi yana ɗaga digirin da ƙarfe ke daskarewa, sai daskarewar ta fara daga cibiya. Gwaiduwar ciki tana ƙara kauri da kimanin milimita ɗaya a shekara. Ƙarfen da ke daskarewa ba ya karɓar baƙin nan duka. Lissafin da Dario Alfè da abokansa suka yi a Landan a 2002 ya nuna cewa farar wuta da silikon suna samun shiga, amma oksijin kusan gaba ɗaya a waje ake barin ta. Ruwan ƙarfen da ke bakin gwaiduwar ciki sai ya zama ya fi na samansa rashin nauyi, don haka ya taso, mai nauyi ya sauka. Wannan hawa da sauka na ƙarfe mai ɗaukar lantarki, haɗe da juyawar duniya, shi ne ke haifar da ƙarfin maganaɗisun duniya. Masanin Rasha Stanislav Braginsky ne ya fito da wannan bayani a 1963, kuma a yau ana ganin shi ne babban abin da ke tuƙa injin.

Wannan ƙarfi shi ne ke juya allurar kamfas. Shi ne ke karkatar da guguwar ƙwayoyi masu lantarki da rana ke fesowa. Tsuntsaye masu ƙaura kuma, irin waɗanda ke barin Turai su zo cin rani a fadamun Haɗeja da Nguru, yana daga cikin abubuwan da suke gane hanya da su. Wolfgang da Roswitha Wiltschko sun nuna a 1972, da wani ɗan tsuntsun Turai, cewa karkatar layukan maganaɗisu yake ji.

Akwai sauran ƙulli. Tsofaffin duwatsun Afirka ta Kudu sun nuna cewa duniya tana da maganaɗisu tun shekaru miliyan 3,450 da suka wuce, alhali mafi yawan lissafi na nuna gwaiduwar ciki ba ta wuce shekaru miliyan 500 zuwa 1,500 ba. Me ke motsa ƙarfen kafin ta samu? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce wadda Hirose ya kawo a 2017: yayin da ƙarfe ke hucewa, silikon da oksijin da suka saje a cikinsa suna haɗuwa su fita a matsayin sinadarin nan da aka yi yashin kogin Challawa da shi, su bar ƙarfe mai nauyi yana nutsewa.

Dutsen Zagami

Ba duniyarmu kaɗai ke da gwaiduwa ba, kuma ƙasar Hausa tana da hannu a binciken ta maƙwabciyarmu, duniyar Mas. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina. Daga baya aka tabbatar ɓallen duniyar Mas ne. Da nazarin irin waɗannan duwatsu ne Gerlind Dreibus da Heinrich Wänke na Jamus suka kimanta, a shekarun 1980, cewa farar wuta ta kai kusan kashi 14 cikin 100 na gwaiduwar Mas, watau ninki bakwai na tamu.

Kumbon InSight na Amurka ya sauka a Mas a watan Nuwamban 2018 ɗauke da na'urar sauraren girgiza, ya yi aiki har Disamban 2022. Sakamakon farko, a 2021, ya ce daga cibiyar Mas zuwa bakin gwaiduwarta kilomita 1,830 ne. Wannan girma ya sa mudunta ya yi rashin nauyi ƙwarai, har ya zama sai an cusa mata sinadarai marasa nauyi fiye da yadda duwatsu irin na Zagami suka yarda. A 2023 aka gano bakin zaren: akwai shimfiɗar narkakken dutse mai kaurin kimanin kilomita 150 a kanta, wadda aka ɗauka gwaiduwa ce. Da aka cire ta, lissafi ya matso kusa. Maganaɗisun Mas ya mutu tun kimanin shekaru miliyan 4,000 da suka wuce, kuma a yau iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, kogunanta sun ƙafe. Littattafai da yawa sukan ce mutuwar maganaɗisun ce ta jawo haka kai tsaye. Ni dai ina ba malamai shawara su sassauta, domin duniyar Zahara ba ta da irin wannan maganaɗisu amma iskarta ta ninka tamu sau 90. Ƙanƙantar Mas ma tana da nata laifin.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai wannan al'amari ba ya bukatar daiman. Ya sayi ƙullin zoɓo mai ƙanƙara guda biyu a bakin makaranta. Na farko a huda shi a tsotsa: zaƙi da ja za su fara fitowa, a bar farar ƙanƙara salam a leda, domin ruwa da ya daskare ya kori sukari da launi. Na biyu a bar shi ya narke duka, a mayar da shi firiza, a fito da shi tun bai gama daskarewa ba, a yanka shi biyu, ɗalibai su ɗanɗana gefe su ɗanɗana ruwan tsakiya. Sa'an nan a tambaye su dalilin da ya sa zoɓo ke daskarewa daga waje zuwa ciki, ita kuwa gwaiduwar duniya daga ciki zuwa waje.